Diyasiya a fangalin bazara: yaushe ya kamata a yanke mata hukunci?

Hajiya Mai Furanni:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu lambu. Ina so mu tattauna kan diyasiya, wadda a jikin tukunya za ku ga an rubuta Diascia. Tambaya uku gare ni. Ta farko, me ya sa a Ingila take cika maƙil da fure a watan Yuni, amma daga tsakiyar Yuli ta yi tsit, sai kore kawai? Ta biyu, shuka iri ya fi ko yankan reshe? Ta uku, in mutum zai jera kala huɗu ko biyar a fangali ɗaya don ya zaɓi wadda zai riƙe, da me zai auna su? Masu sani a taimaka, amma da lissafi: santimita nawa, kwana nawa, taki nawa.

Baban Lambu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Amsar tambayarki ta farko tana can inda shukar ta fito. Diyasiya 'yar kudancin Afirka ce, nau'inta ya kai wajen 70, kuma gida biyu suka rabu. Akwai na lardin Kef ta Yamma da Namakwaland, inda ruwa ke sauka da hunturu. Waɗannan shekara guda suke yi, su yi fure, su zuba iri, su mutu. Akwai kuma na tsaunukan Drakensberg da ƙasar Lesotho da Kef ta Gabas, inda ruwa ke sauka da bazara. Su ne masu daɗewa, kuma daga cikinsu aka fitar da kusan duk waɗanda ake sayarwa don fangali da kwandon ratayewa.

To ki dubi yanayin can. Tsauni ne da ƙololuwarsa ta haura mita 3,000, rana mai haske, hadari da la'asar, ruwa ya zuba ya tsiyaye ta cikin tsakuwa, dare kuma ya yi sanyi ko a tsakiyar bazara. Bakin ƙorama da tsagin duwatsu masu danshi nan ne gidanta. Daga nan ta gaji hali uku: ba ta jure ƙishi, ba ta yarda ruwa ya kwanta mata a gindi, kuma sai da sanyin dare take ƙulla fure. Tana jin daɗi in rana na tsakanin digiri 16 zuwa 21, dare kuma 10 zuwa 15. In aka jera kwanaki rana na kaiwa 27 zuwa 30, dare bai sauko ƙasa da 20 ba, sai ta daina ƙulla sabo. Wanda ta riga ta ƙulla zai buɗe ya zube, babu na bayansa. Ba mutuwa ta yi ba, jiran sanyi take.

Malam na Gandu:
Baba, maganarka daidai ce, amma ban yarda zafi ne kaɗai ba, musamman a Ingila. Dare nawa ne a shekara ke kwana sama da digiri 20 a can? 'Yan kaɗan ne, akasari a tsakiyar Landan da kudu maso gabas. Amma shirun Yuli ana ganin sa har a arewa, inda sanyi bai taɓa yankewa ba.

Dalili na biyu yana jikin zangarniyar furen. Diyasiya daga ƙasa take fara buɗewa ta hau sama, kan zangarniya na ƙara tsawo yana fitar da sabo, har ya gaji. Shukar da aka raina a gandu an tsinke mata kai rana ɗaya, don haka rassanta duk sa'o'in juna ne. Tare suka fara, tare za su ƙare, bayan mako biyar zuwa bakwai. Abin da ya rage shi ne dogayen tsinkaye marasa fure, suna yi wa tohon da ke ƙasa inuwa.

Dalili na uku yunwa da ƙishi. Ƙasar buhu da ake cika tukunya da ita takin da ke cikinta na mako huɗu zuwa shida ne. Wanda ya dasa a ƙarshen Mayu bai ƙara komai ba, a tsakiyar Yuli tukunyarsa wayam take. Haɗa wannan da rana guda da kwando ya bushe ƙarau, shi ke nan ƙullin furen da bai buɗe ba ya kakkaɓe. Saboda haka kafin a ɗora wa zafi laifi, a duba zangarniya, a sa yatsa a ƙasa, a tuna ranar da aka ba ta taki na ƙarshe.

Baban Lambu:
Na karɓa, Malam. A Ingila naka ya fi yawa. Nawa ya fi ƙarfi a jihohin kudu na ƙasar Amurka da ƙasashen Bahar Rum, inda ma ba a lissafa ta cikin furannin tsakiyar bazara, sai na kafinta da na bayanta.

Hajiya Mai Furanni:
To Malam, in ta yi shirun, me ake yi? Wasu na cewa a aske ta, wasu na cewa a ƙyale.

Malam na Gandu:
A aske, Hajiya, kuma kada a jira furen ƙarshe ya faɗi. Lokacin shi ne sa'ad da kashi biyu cikin uku na tsawon zangarniya ya zama tsinke, fure ya rage a can ƙarshe kawai. Ki tattara rassan da hannu ɗaya, ki sa almakashi mai kaifi ki rage rabin tsawon shukar. In ta kai santimita 30, ki bar 15. Sharaɗi ɗaya ne: kowane reshe ya tsira da ganye, aƙalla gaɓa uku ko huɗu, domin daga hammatar ganye sabon toho zai fito. In kika yanke har inda kara ya yi fari ba ganye, wani reshen ba zai dawo ba.

Ki kwashe abin da kika yanke daga tsakiyar shukar, kada ya ruɓe a ciki. Ki ba ta ruwa sosai ran nan, washegari ki ba ta takin ruwa. A wannan karon ba na tumatir ba, sai wanda naitirojin da fotash ɗinsa suka yi daidai, domin ganye kike nema tukuna. Bayan kwana goma za ki ga toho, sai ki koma takin tumatir, rabin ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, duk bayan kwana 10 zuwa 14. Fure na dawowa cikin mako uku zuwa huɗu, kuma na biyun nan yakan kai Oktoba, har sai raɓa ta fara daskarewa. Sau da yawa launinsa ma ya fi na Yuni kauri, saboda sanyin Satumba.

Kuskure ɗaya da ake yawan yi bayan aski: a ci gaba da ban ruwa kamar da. Shukar da aka rage wa rabin ganye rabin ruwa take sha. Mako biyun nan su ne lokacin da saiwa ta fi ruɓewa.

Yaya Mai Dashe:
Malam, a gafarce ni, askin rabi ba na kowace kala ba ne. Sababbin da kamfanoni ke fitarwa, irin jerin Flying Colors da Darla da Juliet, an zaɓe su ne don gajarta da yawan reshe, furensu na zubewa da kansa, kuma rassan ba sa ƙarewa lokaci guda kamar tsofaffin. In ka aske musu rabi ka yi asarar mako uku na fure a banza, a daidai lokacin da ake zama a lambu. Su abin da ya dace da su shi ne tsinka kaɗan-kaɗan: duk mako ka cire zangarniyar da ta ƙare, ka bi ta har gaɓar farko mai ganye biyu, ka tsinke a saman ta. Ko kuma aski a karkace, a yanke rabin shukokin fangali yau, sauran rabin bayan mako biyu, ta yadda fangali ba zai taɓa zama kore zalla ba.

Malam na Gandu:
Na yarda da aski a karkace, Yaya, dabara ce mai kyau. Tsinkar mako-mako kuwa sai mai tukunya uku. Wanda ke da shuka hamsin a fangali ba zai iya ba. Kuma ko sababbin, in suka miƙe tsakiyarsu ta buɗe ana hango ƙasa, almakashi ne maganinsu.

Ummu Tsiro:
Don Allah a yi mini uzuri, yaya ake bambanta ta da nemesiya? A wajen masu sayarwa kusa da juna ake ajiye su, ganyen kuma kamar ɗaya.

Baban Lambu:
'Yata, dangin juna ne, amma ki juya furen ki dubi ƙeyarsa. Na diyasiya yana da ƙahoni biyu a baya, sirara, sun ɗan lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon ɗan akuya. Nemesiya ƙaho ɗaya gare ta. Kuma nemesiya da yawa suna da ƙamshi, diyasiya kuwa babu. Sunan ma daga yaren Girka ne, ma'anarsa jaka biyu, kuma masana tsirrai biyu na Jamus, Link da Otto, suka raɗa shi a 1820.

Tunda kin juya shi, ki sake juyo da fuskarsa ki matso da ido. Faɗinsa wajen santimita biyu ne, kunnuwa biyar, na ƙasa ya fi sauran faɗi kamar leɓe. A sama da maƙogwaron furen akwai wani ɗan tabo rawaya da ya lotsa ciki, wani lokaci da ɗige-ɗige ja, in kika ɗaga shi wajen rana haske na ratsa shi. Shi ake kira taga. A cikin ƙahonin nan kuma ba ruwan zaƙi ba ne, mai ne. Akwai wasu ƙudajen zuma a kudancin Afirka da ake kira Rediviva, ba sa yin saƙa, kowace mace raminta daban a ƙasa. Ƙafafunta na gaba dogaye ne masu gashi, a wasu nau'in ma sun fi jikinta tsawo. Takan sauka kan furen, ta zura ƙafa ɗaya a kowane ƙaho, ta goge man ta kai wa 'ya'yanta, a nan bununi ke manne mata ta kai wa fure na gaba.

Wannan ba labarin nishaɗi kawai ba ne, ya shafi lambu. Ƙudajen nan babu su a Turai, kuma yawancin diyasiya ba ta ɗaukar bununin kanta. Shi ya sa da wuya ki ga ta ƙulla iri a fangali, shi ya sa kuma take daɗewa tana fure, tunda ba ta kashe ƙarfinta wajen yin 'ya'ya.

Yaya Mai Dashe:
Wannan ya kawo mu tambayar Hajiya ta biyu. Kusan duk kalar da take da suna, yankan reshe ne hanyarta, domin ko an samu iri ba zai fito kamar uwar ba. 'Ruby Field', wadda John Kelly ya haɗa, ita ce ta fara sa mutanen Ingila suka san shukar sosai. Daga baya Hector Harrison na Appleby a arewacin Lincolnshire ya yi ta haɗa su da hannu tun daga shekarun 1980, ya fitar da irin su 'Lilac Belle' da 'Salmon Supreme' da 'Joyce's Choice'. 'Blackthorn Apricot' kuma daga gandun Blackthorn ta fito a Hampshire. Duk waɗannan reshe ne ake yanka ana miƙa wa na gaba.

Ga yadda ake yi. A zaɓi reshe mai taushi wanda bai ƙulla fure ba, da safe, shukar ta sha ruwa tun daren jiya. A yanka santimita 5 zuwa 7 daga kai, da reza mai tsabta, daf da ƙasan gaɓa. A cire ganyen gaɓa biyu na ƙasa. A haɗa ƙasar buhu rabi, falayit (farar tsakuwa marar nauyi) ko yashi mai tsabta rabi. Tukunya mai faɗin santimita 9 tana ɗaukar biyar a zagaye bakinta. A huda da tsinke kafin a sa, domin karan na da gautsi, in aka tura shi da ƙarfi ya karye a ciki ba a sani ba. A yi ban ruwa, a rufe da farar leda da aka tokare da tsinkaye kada ta taɓa ganye, a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa kai tsaye, zafi digiri 18 zuwa 21. Kullum a buɗe ledar na 'yan mintoci a kakkaɓe gumin da ya taru. Ba ta buƙatar garin sa saiwa. Cikin mako biyu zuwa uku za a ga kan ya fara sabon ganye, in an ɗan ja kuma a ji ya riƙe. A raba su kowa da tukunyarsa. In sun yi gaɓa huɗu a tsinke kai da farce, bayan mako uku a sake tsinke rassan da suka fito. Kowace tsinka tana jinkirta fure da wajen mako biyu, amma tana ninka yawan reshe, kuma reshe shi ne fure.

Lokaci biyu ne: Maris zuwa Afrilu don fangalin wannan shekara, da Agusta zuwa farkon Satumba don ajiyar hunturu. Abin da aka aske a Yuli ma akwai na dashe a ciki, in an zaɓi marasa fure.

Iri kuwa yana da wurinsa in ana son da yawa da arha. Akwai irin Diascia barberae, akwai kuma jerin Diamonte, wanda kalarsa Coral Rose ta ci lambar yabo ta All-America Selections, masu gwajin sababbin shuke-shuke a Amurka, a 2006. Irin ƙanana ne sosai. A cika faranti da ƙasa mai laushi, a danne, a jiƙa ta daga ƙasa, a barbaɗa iri a sama, kada a binne, haske na taimaka masa. A rufe da gilashi ko leda, digiri 16 zuwa 20. Yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Da ya fito a cire murfin, in ba haka ba su faɗi daga gindi cikin dare ɗaya. A shuka a Fabrairu ko Maris, daga iri zuwa fure mako 10 zuwa 12.

Tunatarwa: da yawa daga cikin sababbin kaloli suna da rajistar haƙƙin wanda ya fitar da su, an rubuta a takardar jikin tukunya. Laifi ne a yanka su don sayarwa ba tare da izini ba.

Hajiya Mai Furanni:
Allah ya saka da alheri, Yaya. Dashe a fangali fa, tazara nawa?

Malam na Gandu:
Kada ta fita waje sai an wuce daskarewar raɓa ta ƙarshe: tsakiya zuwa ƙarshen Mayu a kudancin Ingila, farkon Yuni a arewa da Sikotilan. Kafin nan kwana 10 zuwa 14 na sabo, a fitar da rana a shigar da dare. Gaskiya ne tana jure ɗan sanyi fiye da fetuniya, amma wadda ta taso a ɗakin gilashi jikinta bai yi ƙwari ba.

Tazara santimita 25 ga gajeru, wato shuka 16 a murabba'in mita ɗaya. Masu yaɗo 30, wato 11. In aka matse su ƙasa da 20 fangali zai cika da wuri, amma a Agusta iska ba ta ratsawa, funfuna mai ruwan toka ta kama tsakiya. Tukunya mai faɗin santimita 30 shuka uku, kwando mai 35 huɗu ko biyar.

Ƙasa: in laka ce mai riƙe ruwa, a zuba ruɓaɓɓen taki bokiti ɗaya da tsakuwa ƙanana bokiti ɗaya a kowane murabba'in mita, a juya zurfin santimita 20, a kuma ɗaga fangalin ya fi hanya tudu da kamar santimita 10. Takin zamani giram 50 a murabba'in mita ya isa. In ya yi yawa za a samu ganye shar da dogon kara mai kwanciya, fure kaɗan. A tukunya, takin ƙwaya mai narkewa a hankali giram 3 a kowace lita ta ƙasa. A dasa daidai zurfin da take a tukunya, kada a binne wuya. Rana awa shida aƙalla. Makon farko a tsare ta daga dodon koɗi da ɗan'uwansa marar kwanso, su ne ke cinye sabon dashe cikin dare.

Baban Lambu:
In ƙara kan abin da ke kashe ta, domin mutane na ganin ta yi yaushi su ƙara ruwa, alhali ruwan ne ciwon. In shuka ta yi laushi da tsakar rana amma ƙasarta jiƙe take, kifa tukunyar a tafin hannu ka zare ta. Lafiyayyar saiwa fara ce, siririya, ta zagaye ƙasar kamar zare, in ka ja ta tana da ƙarfi. Ruɓaɓɓiya launin ƙasa ce, tana wari kamar tsohon tulu, kuma in ka kama ta da yatsa biyu ka ja, fatar ta saɓule ta bar maka ɗan zare a tsakiya. In ka ga haka, wadda ta ruɓe fiye da rabi a zubar da ita da ƙasarta, a yanki reshe mai lafiya daga sama a dasa sabo. Ban ruwa sai saman ƙasa ya bushe zurfin santimita biyu, da safe, a gindi ba a kan ganye ba, kuma kada a bar faranti da ruwa a ƙarƙashin tukunya.

Na biyu, sabon ganye ya koma rawaya amma jijiyoyinsa kore. Wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma yawanci ba wai babu shi a ƙasar ba, kamawa ne ya gagara. Tana son pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, tsakanin 5.5 da 6.2 a tukunya. Ruwan famfo na Landan da kudu maso gabashin Ingila yana da alli sosai, kullum yana ɗaga ma'aunin. Maganinsa ruwan sama in akwai, da takin ƙarfe na ruwa sau ɗaya ko biyu. In tsohon ganye na ƙasa ne ya fara rawaya gaba ɗaya, wannan yunwar naitirojin ce, ba ɗaya suke ba.

Darɓa kan taru a kan toho, farin ƙuda a ɗakin gilashi. Ruwan sabulun feshi na lambu da yamma ya ishe su in an kama da wuri.

Ɗan Filato:
Baba, tunda 'yar tsauni ce, za ta yi a Jos? Kano fa?

Baban Lambu:
Ɗana, a nan sai an juya kalanda. Abin da take nema shi ne dare mai sanyi, a Najeriya kuwa wannan na hunturu ne. Jos tana kan tudun wajen mita 1,200, Mambila wajen 1,600, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu darensu na faɗawa cikin abin da take so. Lissafin da ya dace shi ne shuka iri a Satumba zuwa Oktoba a ƙarƙashin rumfa, dashe a Nuwamba, a wurin da ke samun ranar safe da inuwa daga azahar, a kare ta daga busasshiyar iska, domin hunturu na shanye tukunya cikin yini. Abokin gabarta a can shi ne ruwan Yuli da Agusta. In ana son ta ƙetare damina, sai a tukunya mai yashi da yawa, a ƙarƙashin rufi.

Kano kuwa, ko a Disamba da Janairu rana na kusantar digiri 30, daga Maris kuma zafi ya wuce abin da za ta ɗauka. Tsakanin nan ɗan gajeren lokaci ne, bai kai wahalar ba. Mai son fure mai kama da ita a can ya nemi anjeloniya, ita zafi ne abincinta. Kuma duk mai shigo da iri ko shuka daga waje ya nemi izinin hukumar NAQS, mai killace kayan noma a Najeriya, tukuna.

Hajiya Mai Furanni:
Saura ta uku, wadda ita ce ainihin abin da ya dame ni. Yadda za a auna su.

Malam na Gandu:
Hajiya, babban kuskure shi ne yanke hukunci a Yuni. A Yuni kowace diyasiya sarauniya ce, domin ƙarfin gandu ne ke aiki, ba nata ba. Halinta na gaskiya yana fitowa daga tsakiyar Yuli zuwa Oktoba.

Ga tsarin. Kowace kala shuka shida aƙalla, girmansu ɗaya, a dasa su rana ɗaya, tazara ɗaya, taki ɗaya. Kada a jera kala guda a layin gaba wata a baya, domin na bakin fangali kullum sun fi samun haske da iska, sai a ɗauka kalar ce ta fi. A raba kowace kala gida biyu, uku a wannan gefe, uku a wancan. A kafa alama mai suna a gindin kowace, da fensir, tawada na gogewa a rana. A rataye ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa, a inuwa, a riƙa rubutawa, musamman na dare.

Duk bayan mako biyu, rana ɗaya, lokaci ɗaya, a ba da maki daga 1 zuwa 5 a kan abu uku. Yawan fure: a tsaya a kanta a duba daga sama, 5 in ganye ba ya ganuwa, 3 in rabi da rabi, 1 in kore ne zalla. Tsayuwa: ta dunƙule ko tsakiya ta buɗe rassa sun kwanta. Lafiyar ganye: rawaya, funfuna, ƙwari. A ɗauki hoto daga wuri ɗaya kowane zagaye, domin ido na mantuwa. Tsawo da faɗi a auna sau uku kawai, wata ɗaya bayan dashe, kafin aski, da ƙarshen Satumba.

Sannan ga inda gardamarmu da Yaya za ta warware. Cikin shidan nan a aske uku, a bar uku. A rubuta ranar aski da ranar da fure ya koma maki 3. Adadin kwanakin da ke tsakani shi ne lambar da ta fi kowace daraja a littafin. A ƙarshen shekara kada a dubi wadda ta taɓa samun 5, a ƙirga mako nawa kowace ta yi tana kan 3 ko sama. Wadda ta yi mako goma sha huɗu tana kan 3 da 4 ta fi wadda ta yi mako huɗu tana kan 5 ta ɓace.

Yaya Mai Dashe:
Wannan na sa hannu a kai, Malam. In ƙara biyu. A duba washegarin ruwan sama mai ƙarfi: wasu furensu na zubewa ƙasa, wasu na manne a ganye su ruɓe su jawo funfuna, wasu kuma kafin azahar sun miƙe. Sannan launi a rana. Masu ruwan lemo da masu ruwan hoda mai sirkin lemo su ne suka fi koɗewa, a kwatanta sabon fure da na kwana uku a zangarniya ɗaya. Fararen kuma wasu na komawa ruwan hoda in dare ya yi sanyi, wanda ya tsara fangali fari zalla ya san da wannan.

Kuma kada a haɗa jinsi da jinsi a ma'auni ɗaya ba tare da lura ba. Diascia rigescens karanta ƙaƙƙarfa ne, zangarniyarta cunkushe, tana kai santimita 45, ba ta bakin fangali ba ce. Integerrima ganyenta siriri mai ruwan toka, ta fi sauran jure fari, tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa. Vigilis ta fi jure inuwa. Personata kuwa tana kusan mita ɗaya, wurinta bayan fangali. Kowace a auna ta da aikin da aka ɗauke ta.

Ummu Tsiro:
To alamar kofi da ake gani a jikin wasu fa, ba ta isa mutum ya zaɓa da ita ba?

Baban Lambu:
Alamar RHS ce, ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, 'yata, ta shukar da aka gwada aka ga ta cancanci lambu, kuma 'Ruby Field' da 'Blackthorn Apricot' da 'Lilac Belle' da rigescens da vigilis duk sun same ta. Wurin farawa ne mai kyau. Amma babban lambun gwajinsu na Wisley a Surrey ƙasarsa yashi ce mai tsiyaye ruwa. Mai laka a wurin da ruwa ke yawa zai iya ganin wani abu daban, musamman a hunturu.

Hajiya, ki ƙara wannan a littafinki a matsayin awo na ƙarshe. A Oktoba kada ki tuge su duka. Ki bar uku na kowace kala a fangali, kada ki aske busasshen saman, shi ne bargonsu, ki zuba tsakuwa kaurin santimita uku a gindi. Suna iya jure wajen digiri 5 ƙasa da sifili in ƙasa ba ta jiƙe ba, ruwan da ke kwanciya ne ya fi sanyi kashe su. A Afrilu ki yanke tsohon kara ki ƙirga waɗanda suka yi toho. Yankan da kika yi a Agusta kuma ya kwana a wuri mai haske, digiri 5 zuwa 7, ruwa kaɗan, ba taki har Maris.

Hajiya Mai Furanni:
Na gode ƙwarai, Baba, Malam, Yaya. Abu ɗaya ya rage. In kala biyar ne, shida-shida, shuka talatin ke nan. Fangali nawa zan ware?

Malam na Gandu:
A tazarar santimita 30, Hajiya, layi uku na shuka goma-goma: faɗi santimita 90, tsawo mita uku. Ki ƙara layi ɗaya na kowace irin diyasiya a kowane ƙarshe, wanda ba za ki ba shi maki ba, don kada na gefe su fi sauran sararin yaɗo. Tsawon ya zama mita uku da santimita 60. Ki bar hanya ta kowane ɓangare yadda za ki kai hannu tsakiya ba tare da kin taka ƙasar ba.